Hangen Dala

'Ya'yana da jikokina,

Daren Laraba da kuka taru a dakalin ƙofar gidana bayan sallar isha'i, kun ɗauka barci ya sace ni a kan kujera. Idona ne kawai a rufe. Tsoho ba ya barci da wuri a zafin Garwa, balle ana dafa shayi a gefensa ana ambaton miliyoyi. Na ji lokacin da babban jikana ya karanto muku labarin dutsen nan ruwan hoda daga wayarsa, na ji kuna juya kuɗin zuwa sefa lissafi yana kwance muku, na kuma ji wanda ya ce in ya sami mai sayen babur ɗinsa, kafin ruwan farko ya sauka yana Yokaduma. Ban tanka ba, don faɗan da aka yi wa saurayi a gaban abokansa yakan koma gardama. Na bari maganar ta kwana biyu a cikina, sannan na sa aka rubuta muku.

Ba da ka zan yi muku magana ba. Shekara tara na yi ina yaron wani mai sayen dutse a Afirka ta Tsakiya, tsakanin Barbarati da Karno, tun daga 1976, zamanin Bokasa. Da riƙon jaka da goge sikeli na fara, daga baya maigida ya yarda in riƙa duba dutse da kaina. Lu'ulu'u, wanda 'yan kasuwa ke ce wa daimon, ya bi ta tafin hannun nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa. A duk shekarun nan ban taɓa ɗora ido a kan ruwan hoda ko ƙwaya ɗaya ba. Shuɗi ma haka. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi furfura a sana'ar, shi ma labarinsu kawai yake ji, kamar yadda kuke ji yanzu.

Labarin da aka karanto muku gaskiya ne, ban ƙaryata shi ba. Sunan dutsen Williamson Pink Star, daga ramin Mwadui na ƙasar Tanzaniya ya fito, an yi gwanjonsa a Hong Kong a watan Oktoba na 2022, aka saye shi dala miliyan 57.7, wato sama da sefa biliyan 35. Nauyinsa karat 11.15. Karat biyar ne giram ɗaya, kun ga ke nan bai kai nauyin ƙwayar sukarin da kuke jefawa a shayi ba.

To me ya kai shi wannan tsada? Masana dutse sukan ce a cikin lu'ulu'u dubu goma na ado, ɗaya ne ke da launin da ya isa a kira shi mai launi. Kun tuna ranar 11 ga Janairun 2022, da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin ƙwallon unguwarmu, Rumde Ajiya ta cika har ba wurin ajiye babur? Ku ɗauka mutum 30,000 ne suka shiga filin ranar, kowa da lu'ulu'unsa a hannu. Mutum uku ne za su fito da mai launi. Su ukun ma, in an buɗe hannunsu, galibi rawaya za a gani ko ruwan ƙasa. Kafin a sami ruwan hoda na kirki sai an cika filin an kwashe, an cika an kwashe, har masu tsaron ƙofa sun gaji.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wanda ban sani ba sai da girma ya zo, shi ne inda launin ke fitowa. Asalin lu'ulu'u da gawayin da kuke hura wa shayi ɗaya ne, sinadarin kabon. Zafi da nauyin ƙasa ne suka matse shi a zurfin da ya kai kilomita 150 zuwa 200, kamar a ɗauki hanyar Garwa zuwa Marwa a kafa ta a tsaye, daga baya aman wuta ya turo shi sama, ruwa ya kwashe wani ya zuba a gaɓar koguna. In ya fito tsantsarsa, fari ne tas kamar ruwan rijiya. Sai wani baƙon abu ya kutsa cikinsa yake yin launi. Rawaya daga naitirojin take, sinadarin nan na takin yuriya. Shuɗi kuwa daga boron. Waɗanda iyayensu ke noman auduga su duba buhun takin da Sodecoton ke bayarwa, harafin B da ke ƙarshen jerin haruffan shi ne wannan boron ɗin. Abin da muke watsawa a gona da hannu, ƙwayarsa ɗaya a cikin ƙwayar kabon miliyan ta isa ta rina dutse, kamar a ce ƙwayar dawa guda ta canza kamannin kwano uku na gero. Sai dai boron ba ya yawan kaiwa can ƙasa, kuma binciken da aka fitar a 2018 ya nuna shuɗin lu'ulu'u daga zurfin da ya wuce kilomita 400 yake tasowa, wani ma ya wuce 660. Shi ya sa shahararrun shuɗɗan ƙalilan ne, irin su Hope mai karat 45.52 da aka haƙo a Indiya, ya shiga taskar sarakunan Faransa, aka sace shi a 1792, yanzu kuma yake ajiye a gidan tarihi a Washinton tun 1958.

Ruwan hoda lamarinsa daban. Ba a zuba masa komai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mabuga ya ga yadda dukan itace ke fito da ƙyallin rini ba tare da an ƙara masa baba ba. Haka shi ma: matsar da ya sha a cikin ƙasa ce ta gurɗa jerin ƙwayoyinsa, haske in ya shiga sai ya fito da wani launi. In gurɗewar ta zo ta wata fuska sai a sami ruwan ƙasa, wanda shi ne mafi yawa kuma mafi araha. In ta dace sai ruwan hoda. In ta kai maƙura sai ja, wanda duk duniya sanannunsa ba su wuce 'yan gomomi ba. Tsakanin dutsen da ake sayarwa a kwano da wanda ake kira da suna a gwanjo, ɗan kaucin da ido ba ya gani ne.

Rawaya ita ce ta fi ruɗa mu a daji. Abin da aka koya mana shi ne, duk dutsen da ya ɗan surka da rawaya farashinsa ya faɗi, kuma hakan gaskiya ne. Turawa suna jera farin dutse daga harafin D har zuwa Z, yana ƙara rawaya yana ƙara araha. Amma in rawayar ta zarce Z, ta nuna sosai kamar garin ɗorawa, sai lissafi ya juye, ya shiga sahun masu launi, kuɗinsa ya hau. A Zimmi ta ƙasar Saliyo ana samun irin wannan rawayar da dillalan Antwaf ke rububi. Allah kaɗai ya san irin duwatsun da masu haƙa suka bayar a banza don an ce musu ai rawaya ce, ba ta da kasuwa. Iyakar da ke tsakanin aibi da daraja mai saye ne ya san ta, mai haƙa bai sani ba, kuma ba kowane mai saye ne ke jin tsoron Allah ya faɗa masa ba.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri, tunda kakarku ta daɗe tana yi mini gorin abin. A 1981, a wani ƙauye gefen Karno, wani mai haƙa ya same ni da yamma maigida ba ya nan. Ya kwance ƙullin leda, sai ga dutse wajen karat biyu da rabi, kore shar kamar ɗanyen ganyen yakuwa. Gabana ya faɗi. Na taɓa jin ana labarin wani koren lu'ulu'u mai karat 41 da ke ajiye a Diresdan ta Jamus, na san kore na cikin waɗanda ba a samu. Na gwada shi yadda aka koya mini, dutse ne na gaske, ba kwalba ba. Ban jira gari ya waye ba, don kada wani ya riga ni. Na zuba duk abin da na tara a shekara biyar, na haɗa da kuɗin shanu biyu da wani ɗan'uwanmu ya ba ni ajiya, na biya ba tare da na taya sosai ba. A daren nan na gina gidan bene a Rumde Ajiya, na kai mahaifiyata Makka, na sayi mota, duk ina kwance a kan tabarma.

Da maigida ya dawo na miƙa masa ina murmushi. Ya sa madubinsa a ido, ya juya dutsen sau biyu, ya ajiye. Ya tambaye ni nawa na biya. Da na faɗa, sai ya yi shiru har na ji kamar in nutse. Sannan ya ce, "Yaro, riga ka saya." Ashe koren launi daga wani tururi yake samuwa wanda ido ba ya gani, mai fita daga ma'adinai irin su yuraniyom, in dutse ya daɗe kwance kusa da su. Yawanci tururin fatar dutsen kawai yake taɓawa, ba ya ratsa ciki, kuma duwatsun kogunan wannan yanki da yawa suna zuwa da irin wannan fata. Da aka kai shi wurin da ake goge wa dutse 'yar taga a leƙa cikinsa, sai ga shi fari mai surkin rawaya, irin na kowa da kowa. Ban mai da sulusin kuɗina ba. Shekara uku na yi ina biyan kuɗin shanun nan, kuma kunyar haɗa ido da mai su ta fi mini biyan ciwo.

Ku lura, mutumin bai cuce ni ba. Shi ma ya yi imani kore ne. Abin da ya ci ni guntun sani ne, wanda ya isa ya tayar mini da kwaɗayi amma bai isa ya tsare ni ba. Irin sa kuke da shi yanzu, ku gafarce ni, waya ta ba ku farashi ba ta ba ku ido ba.

Ko da a ce dutsena kore ne har zuci, kuɗin da na yi mafarki ba a hannuna za su faɗo ba. Farashin da ake bugawa a labarai na ƙarshen tafiya ne. Akwai wani da ya fi wanda kuka gani, sunansa Pink Star, an haƙo shi a 1999 yana karat 132.5. Kusan shekara biyu gwanaye suka yi suna nazarinsa suna fiƙe shi, ya dawo karat 59.60, fiye da rabi ya tafi a ƙura. Sannan aka kai shi ɗakin gwaji na GIA a Amurka suka ba shi takardar shaidar cewa launinsa halitta ne. Sannan aka yi shekaru ana yawo da shi ana nuna wa masu kuɗi. A 2013 a Janeba wani ya taya dala miliyan 83, aka sallama masa, ya kasa biya. Kamfanin gwanjon Sotheby's ya rungumi kayansa har 2017, kafin wani kamfanin kayan ado na Hong Kong ya saye shi miliyan 71.2. Dutse mai suna a duniya ke nan, sai da ya shekara uku da ɗoriya yana jiran mai saye. Kai da ke tsaye a bakin rami da bashin abinci a wuyanka, kwana nawa za ka iya jira? Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Da can dutsen Kano suke nufi, amma karin maganar ya hau kan dalar Amurka daram.

Girma ma ba shi ne ba. A 2017 masu haƙa a yankin Kono na Saliyo suka tsinci dutse mai karat 709, duniya ta ɗauka. An taya shi kusan dala miliyan 8 a Firitawun gwamnati ta ce albarka, aka kai shi Niyok, a ƙarshe miliyan 6.5 aka sayar. Ya ninka ɗan ruwan hodan da kuka gani a waya sau sittin a nauyi, kuɗinsa kuwa wajen kashi ɗaya cikin tara na nasa ne kawai.

Wani abin kuma, masu kasuwar nan sun iya baki. Ramin Argyle na Ostareliya, wanda aka rufe a Nuwamban 2020, a lokacinsa shi ke ba duniya fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan hoda, amma ruwan hodan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake fitarwa daga cikinsa ba. Mafi yawa ruwan ƙasa ne da a da sai masana'antu ke saye su yi abin yanka da huji. Sai suka laƙaba masa sunayen giyar masu kuɗin Turai, suka yi ta talla, matan can suka fara sawa a yatsa. Ban ce sun yi ƙarya ba. Na dai ce daraja wani ɓangarenta Allah ne ya halitta, wani ɓangaren ɗan kasuwa ne ya hura, kuma baƙo a kasuwa ba ya rarrabe su.

Zamaninku ya ma fi namu wuya. Mu kwalba da farin dutsen wuta muke tsoro, kuma waɗannan ko yaro ya koya zai gane. Yanzu ana ɗaukar dutse mai araha a gasa shi a inji ko a haska masa tururin nan, ya koma shuɗi ko kore. Ana kuma ƙera lu'ulu'u sukutum a masana'anta, Sin da Indiya suna fitar da shi da yawa, kuma shi ma kabon ne, taurinsu ɗaya, ɗan abin gwajin nan mai kama da alƙalami da ake yawo da shi ba ya bambanta su. A 2018 kamfanin De Beers da kansa ya fara sayar da ƙirar masana'anta, har da ruwan hoda da shuɗi, dala 800 kowane karat. Wanda kuka gani a waya karat ɗinsa ya haura dala miliyan 5. A tafin hannu, ni da na yi shekara tara ba zan rantse wanne ne wanne ba. Don haka duk wanda ya tare ku a tasha ko ya kira ku a waya, ya ce yana da jan daimon ya matsu ne zai karyar, ku yi masa fatan alheri ku wuce. Mai irin wannan dutse ba a Garwa zai nemi mai saye ba.

Shi kuma mai niyyar Yokaduma, ɗana, na san abin da ka ji. Labarin dajin Mobilon ka ji. A Disamban 2010 aka ba wani kamfani mai haɗin gwiwa da Koriya ta Kudu izinin haƙa a wurin, ma'aikatar harkokin wajen Koriya ta fitar da sanarwa cewa akwai karat miliyan 420 a ƙasa, fiye da abin da duniya duka ke haƙowa a shekara biyu. Hannun jarin kamfanin ya yi tashin gwauron zabo, mutane a Seul suka zuba kuɗinsu. A farkon 2012 hukumar binciken kuɗi ta ƙasar ta ce an kumbura adadin, jari ya rushe. Masu digiri da kwamfuta ke nan, dutsen dajin Kamaru ya ruɗe su daga nesa. Abin da ƙasar nan ke fitarwa a hukumance a shekara 'yan dubban karat ne kawai. Akwai dutse a Gabas, ban musa ba, amma masu tsayawa a ruwa har gwiwa suna tankaɗe tsakuwa daga safe zuwa yamma, yawancinsu abinci da kayan aiki bashi ne daga mai saye, in dutse ya fito shi za a kai wa, shi zai yanka farashi, ya cire bashinsa. Na zauna a wancan gefen teburin, na san yadda lissafin ke ƙarewa.

Ga kuma hukuma. Tun 2012 Kamaru ta shiga yarjejeniyar Kimbali, ɗanyen lu'ulu'u ba ya fita ƙasa sai da takardarta, saye da haƙa kuma sai da izinin ma'aikatar ma'adinai. Afirka ta Tsakiya an dakatar da ita a 2013 saboda yaƙi, sai a Nuwamban 2024 aka ɗage takunkumin gaba ɗaya. A 2014 na ga mutanen da na sani da gidaje da shaguna a Barbarati sun tsallako ta Kenzu da Garwa-Bulai daga su sai kayan jikinsu. Wannan ba na son in tsawaita shi.

Na san akwai mai ce mini, Kaka, ai jan lu'ulu'un da ya fi kowane girma, Moussaieff Red, manomi ne ya tsince shi a kogi a Barazil. Haka ne, kuma karat 5.11 ne bayan fiƙa, giram ɗaya da 'yan kai. Rabo gaskiya ne, ba mai hana shi. Amma shi labarinsa ya iso Rumde Ajiya ne don shi kaɗai ne. Dubban da suka tsufa a bakin kogunan nan ba wanda ya buga sunansu a waya.

Ku kuma 'yan matan gidan nan, da na ji kuna cewa zoben daimon za a sa muku a lefe, ku tambayi kakarku sau nawa 'yan kunnenta na zinariya suka fitar da mu kunya. Zinariya tana da farashin giram da kowa ya sani, ranar da buƙata ta taso a kai wa maƙeri ya auna ya biya. Dutse in kin mai da shi kanti, abin da za a taya zai sa ki zauna.

Ban hana kowa sana'ar dutse ba, halal ce in an tsare gaskiya, kuma ta ciyar da ni ta yi mini aure. In da mai sonta da gaske, ya bar babur ɗinsa a hannun ƙaninsa yana kawo na cefane, ya nemi maigida mai takardu wanda aka shaide shi da amana, a Bartuwa ko Baturi, ko wajen masu safaya a Mambila, ya yi shekara biyu yana kallo bai sayi ko tsakuwa da kuɗinsa ba. Kuɗin ajiyar wani kuwa, ko da mala'ika ya gani a cikin dutsen, kada ya taɓa. In ya kai ga zama a bayan sikeli, ranar da talaka ya kawo masa rawayar da ta zarce Z bai san abin da ya riƙo ba, ya faɗa masa.

Madubin maigidana yana nan a cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona, tare da ɗan sikelin da wasu duwatsu bakwai. Biyu lu'ulu'u ne ƙanana marasa kuɗi, ɗaya baƙin lu'ulu'un nan ne mai kama da gawayi da ba a samunsa sai a Afirka ta Tsakiya da Barazil, sauran kwalba ce da dutsen wuta. Ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da haske ya yi laushi, ku zo zaure in shimfiɗa farar takarda, kowa ya ware mini na gasken. Mai babur ya zo a kan babur ɗinsa, ina so in gan shi da idona.